Yadda ake gane kumburin nono a jikin ɓeran masar da yadda ake kula da shi

Ɓeran masar yana daga cikin dabbobin da suke ɓoye ciwonsu. Asalinsa daga tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, kuma da yake kakanninsa abin farautar shaho da namun daji ne, ya gaji ɗabi'ar nuna lafiya ko da yana jin jiki. Wannan ne ya sa kumburin nono, wanda yake can ƙarƙashin ciki inda ido ba ya kaiwa, yakan daɗe kafin mai kiwo ya lura da shi. Abin da ya fi muhimmanci a sani tun farko shi ne kumburin iri biyu ne manya, kuma kowanne da irin gaggawarsa. Akwai kumburin da ƙwayoyin cuta suke haddasawa ga uwa mai shayarwa, wanda zai iya kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma ƙari mai girma a hankali, wanda yake ba da lokaci amma ba ya warkewa sai da tiyata. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan rarrabe waɗannan biyun.

Mataki na farko: sanin yadda lafiyayyen nono yake

Ɓeran masar nono biyu kacal yake da su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a matsematsi tsakanin ƙafafun baya. Mace tana da su, namiji ma yana da su, kuma wannan batu ne da masu kiwo da yawa suke mantawa, har su ga kumburi a jikin namiji su ɗauka ba zai yiwu ya zama na nono ba. A gaskiya ƙarin nono yana kama namijin ɓeran masar sosai, fiye da yadda ake gani a mazan karnuka da kyanwoyi.

A lafiyayyen jiki, kan nonon ɗan siriri ne, kewaye da ɗan fili marar gashi, kuma idan ka taɓa ƙarƙashinsa za ka ji laushi ba tare da wani dunƙule ba. Na mai shayarwa yakan yi tsawo, gindinsa ya cika, amma ɓangarorin biyu sukan yi daidai da juna, kuma ba ta jin zafi idan an taɓa. Ka saba da wannan tun dabbar tana lafiya, domin wanda bai san yadda wurin yake a da ba, ba zai gane ya canza ba.

Mataki na biyu: dubawa

Ka wanke hannu, ka zauna a ƙasa ko a kan tabarma, saboda ɓeran masar idan ya kuɓuce daga tsayi yakan karye. Ka sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan kuma ya tallafi ƙugunsa, sannan ka jingina bayansa da cikinka yana zaune a kan cinyarka, ta yadda cikinsa zai fuskanci haske. Kada ka kwantar da shi rigingine, domin hakan yana firgita shi kuma yana wahalar masa da numfashi. Mai ciki kuwa a bi ta a hankali ƙwarai, kada a matsa cikin.

Da farko ka duba da ido: shin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya girma, shin fatar ta yi ja ko ta yi duhu, shin akwai ɓawo ko busasshen jini a kan nonon, shin gashin da ke kewaye ya jiƙe ya manne. Bayan haka ka sa babban yatsa da manuni ka ɗaga fatar da ke gindin nonon a hankali, ka murza kaɗan. Abin da kake nema shi ne zafi, tauri, da kuma ko dunƙulen yana motsi a ƙarƙashin fata ko ya kafe a jikin nama. Idan dabbar ta yi ƙara mai kaifi ko ta zabura, ka tsaya, wannan ma amsa ce. Idan ka sami dunƙule, ka auna faɗinsa da rula, ka rubuta da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa da waya. Sannan ka ɗora dabbar a kan sikelin kicin. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace kuma 700 zuwa 900. Ragin giram 50 a cikin mako guda abin lura ne, ragin giram 100 kuwa na nufin a tafi wurin likita ba tare da jira ba. Wannan duba ya kamata ya zama na mako-mako, ga mai shayarwa kuma kullum.

Mataki na uku: rarrabe abin da ka gani

Idan mace ce da ta haihu cikin makonni uku da suka wuce, nonon ya kumbura cikin ɗan lokaci, ya yi zafi, ya yi ja, tana gudun 'ya'yanta idan sun zo sha, to kusan babu shakka ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Sukan shiga ta ƙofar nonon ko ta wani ɗan rauni, kuma raunin sau da yawa daga 'ya'yan yake, domin jariran ɓeran masar ana haihuwarsu da gashi da ido buɗe da haƙora. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai fitsari da kashi, da keji mai ƙasan waya da ke kankare fata, su suke ba wa ƙwayoyin hanya. Waɗanda aka fi samu sun haɗa da Staphylococcus, Streptococcus, Pasteurella, Klebsiella da E. coli. Ruwan nonon yakan canza, ya yi kauri, ya gauraya da mugunya ko jini. Alama mafi muni ita ce wurin da yake da zafi ya koma sanyi, fatar ta yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, uwar ta takure a lungu gashinta a tsaye ta daina cin abinci. Wannan na nuna naman wurin ya fara mutuwa kuma cutar ta shiga jini, kuma a wannan hali ana iya rasa uwa da 'ya'ya gaba ɗaya.

Idan kuwa dabbar ba ta shayarwa, namiji ne ko mace, musamman wadda ta haura shekara uku, kuma dunƙulen yana da tauri, ba zafi, ya ɗauki makonni yana girma, to ƙari ake zargi. Yawanci ɓangare ɗaya yake kamawa. Wani lokaci alamar farko ba dunƙulen ba ce, ɗigon jini ne ko ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ke fita daga kan nonon, ko ka ga tabonsa a kan shimfiɗa. Wasu ƙararrakin ba sa yaɗuwa, suna zama wuri guda ne suna girma, wasu kuma ciwon daji ne da ke iya kai wa ga kaluluwar matsematsi da huhu. Babu wanda zai iya bambanta su da yatsa, ko da likita ne, kuma wanda ba ya yaɗuwa ma idan ya girma yakan riƙa gogar ƙasa har ya fashe ya zama gyambo.

Akwai wasu abubuwa da suke kama da waɗannan biyun. Ƙurji daga cizon abokin zama yana iya fitowa kusa da nono. Akwai dunƙulen kitse mai laushi. Akwai ƙaba, inda kitse ko hanji ke zurmowa ta matsematsi, wadda aka fi gani a namijin da aka yi wa dandaƙa, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a huda kumburin wannan wuri da allura ko reza a gida. Sannan a macen da ta haura shekara biyu, idan kan nonon duka biyun sun yi kauri sun yi ɓawo, gashi yana zubewa daidai wa daida a gefunan jikinta, tana yawan hawa 'yan uwanta, to matsalar tana iya kasancewa jakunkunan ruwa ne a ƙwayayen haihuwarta, ciwon da ya zama ruwan dare ga tsofaffin mata, wanda sai da sikanin ake tabbatar da shi.

Mataki na huɗu: abin da za ka yi kafin ka isa wurin likita

Ga uwa mai kumburi mai zafi, ranar da ka gani ita ce ranar zuwa asibiti. Kafin a tafi, ka fitar da ita daga tsohuwar shimfiɗa ka ɗora ta a kan tsabtataccen tawul ko zane. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ka bari ya huce har ka iya ɗiga shi a cikin hannunka ba ka ji ƙuna ba. Ka tsoma auduga ko tsumma mai tsabta, ka matse, ka ɗora a kan nonon na kamar minti biyar zuwa goma, kana sake tsomawa idan ya huce, sannan ka tsane wurin sarai. Ana yin wannan gashi sau uku ko huɗu a rana. Idan ruwa ya fito da kansa ka share, amma kada ka matsa da ƙarfi, domin matsi yana tura mugunya cikin nama.

Yanzu ga abin da ya fi kashe ɓeran masar a hannun masu ƙaunarsa, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi ko da ya manta sauran. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da muka saba saya a kemis ko a shagon magungunan kaji, da yawansu guba ne gare shi. Hanjinsa cike yake da ƙwayoyi masu amfani da suke narkar masa da ciyawa, kuma waɗannan magunguna sukan kashe su, sai wata ƙwaya mai suna Clostridium difficile ta samu fili ta yawaita ta zuba dafi, dabbar ta kamu da zawo ta mutu cikin 'yan kwanaki. Penicillin, ampicillin, amoxicillin, Ampiclox, erythromycin, lincomycin, clindamycin da tylosin duk suna cikin wannan rukuni, haka ma allurar penicillin da streptomycin da ake yi wa awaki da tumaki. Kada ka buɗe kafso ka zuba a ruwan shansa, kada ka barbaɗa a kan ciwon, domin zai lashe. Haka nan kada a shafa man zafi, ko baƙin mai, ko toka, ko wani ganye da aka daka, saboda duk abin da aka shafa a nonon uwa cikin 'ya'yanta zai ƙare.

A hanyar zuwa asibiti ka sa ta cikin kwali mai ramukan iska da ɗan ciyawa da yankin kokwamba. Ɓeran masar ba ya jure zafi, kuma da zarar yanayi ya haura digiri 28 zuwa 30 yana cikin haɗari, don haka a lokacin bazara a fita da sassafe, kuma kada a bar kwalin cikin rufaffiyar mota ko a rana.

Mataki na biyar: a wurin likitan dabbobi

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da ɓeran masar ba, musamman inda aikin yau da kullum shanu ne da awaki da kaji, kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambaya ko ya taɓa duba irinsa, ka kuma ambaci batun penicillin. A Najeriya asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne inda aka fi sa ran samun kayan hoto da na tiyatar ƙananan dabbobi. Ka tafi da bayanin da ka rubuta: shekarun dabbar, ranar haihuwa idan uwa ce, ranar da ka fara ganin kumburin, awonsa, nauyinta, da duk wani magani da aka riga aka ba ta, ko da kana jin nauyin faɗa.

Ga kumburin ƙwayoyin cuta, likita zai iya ɗibar ruwan nonon a kai ɗakin gwaji don a san ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Magungunan da hanjin ɓeran masar ya fi jurewa sun haɗa da trimethoprim-sulfa, enrofloxacin da chloramphenicol, ana kuma haɗawa da maganin ciwo irin su meloxicam. Ana auna su ne bisa nauyin dabbar, shi ya sa sikeli yake da muhimmanci, kuma a ƙarasa kwanakin da aka rubuta ko da an ga sauƙi. Idan ƙurji ya taru, muguntar ɓeran masar tana da kauri kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, sai an tsaga an kwashe an wanke, wani lokaci ma a cire jakar ƙurjin gaba ɗaya.

Ga ƙari kuwa, likita zai iya soka siririyar allura ya ɗebo ƙwayoyin naman wurin a duba a madubin likita, ya kuma ɗauki hoton ƙirji don ganin ko ciwon ya kai huhu. Idan bai kai ba, maganin shi ne a cire nonon gaba ɗaya tare da ɗan naman da ke kewaye, sau da yawa har da kaluluwar da ke kusa, sannan a aika abin da aka cire ɗakin gwaji. A ganina kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cewa bari a ga yadda zai kasance. Ƙarin da bai wuce santimita ɗaya ba, tiyatarsa gajeriya ce, ɗinkinta kaɗan, kuɗinta ma da sauƙi. Wanda aka bari ya kai santimita huɗu ko biyar ya fashe, yana bukatar dogon barci na maganin tiyata da babban yanka a jikin dabbar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma fatar da za a rufe wurin da ita ma sai an yi dabara. Idan hoto ya nuna ciwon ya riga ya bazu, ko dabbar ta tsufa ta rame, sai a zauna da likita a yi maganar gaskiya a kan rage mata ciwo da tsabtace wurin, da kuma lokacin da ci gaba da riƙe ta zai zama azabtarwa.

Kafin tiyata ba a hana ɓeran masar abinci dare guda kamar yadda ake yi wa mutum ko kare, domin ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son zama babu komai. Iyaka a janye abincin na ɗan gajeren lokaci don bakinsa ya zama babu saura, yadda likita ya tsara.

Mataki na shida: 'ya'yan da ke kan nono

Idan ɓangare ɗaya ne ya kamu kuma uwar tana da ƙarfi, likita zai iya barin su su ci gaba da shan ɗayan, gwargwadon maganin da ya ba ta, tunda wasu magungunan suna fita ta ruwan nono. Idan ciwon ya yi tsanani sai a raba su. Sa'ar da ake da ita ita ce jariran sukan fara taɓa ciyawa tun suna 'yan kwanaki, kuma yaye na al'ada yana zuwa ne wajen kwana 21. Waɗanda suka haura mako biyu galibi sukan rayu da abinci kawai. Ƙanana kuwa, idan akwai wata uwa mai shayarwa ana iya gwada haɗa su da ita, idan babu sai a jiƙa abincinsu na kanti da ruwan ɗumi ya yi laushi, a miƙa musu a bakin cokali su lasa da kansu kowane awa biyu zuwa uku, domin ɗura ruwa da sirinji a bakin jariri yakan shige huhu. Waɗanda ba su cika mako ba, a riƙa shafa musu ƙarƙashin ciki da jiƙaƙƙiyar auduga bayan sun ci don su yi fitsari da kashi. A auna su kullum. Mazan cikinsu a raba su da uwa da 'yan uwa mata da sun cika mako uku, uban kuma tun kafin haihuwa ya kamata a ɗauke shi, domin mace tana iya ɗaukar wani cikin cikin awoyi kaɗan bayan ta haihu, kuma uwar da ke shayarwa da ciki a jikinta ta fi saurin kamuwa da kowace cuta.

Mataki na bakwai: jinya a gida

Jinyar ɓeran masar kusan dukkanta a kan cin abinci take. Idan ya yi awa goma sha biyu bai ci ba, hanjinsa yakan fara tsayawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe shi ko da tiyatar ta yi kyau. Ka riƙa duba kashinsa: idan ya ragu, ya ƙanƙance, ko ya ɓace, akwai matsala. Ka ajiye masa busasshiyar ciyawa mai tsabta a gabansa dare da rana, da ɗanyar ciyawa wadda ba a fesa wa magani ba. Idan ya ƙi ci, ka jiƙa abincinsa ya zama kamar kunu mai kauri, ka yanke bakin sirinji mai mililita ɗaya, ka naɗe shi cikin tawul yana tsaye a kan ƙafafunsa, ka shigar da sirinjin ta gefen baki bayan haƙoran gaba, ka tura kaɗan, ka jira ya tauna ya haɗiye kafin ka ƙara. Ana maimaitawa kowane awa uku zuwa huɗu har ya koma ci da kansa.

Jikin ɓeran masar, kamar na ɗan Adam, ba ya haɗa bitamin C, kuma idan babu shi rauni ba ya haɗewa. Lafiyayye yana bukatar kimanin miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa kullum, mai ciki da mai shayarwa kuma wajen miligiram 30. Koren tattasai, gwaiba, kabeji da ɗan yankin lemo duk suna ba da shi. Zuba shi a ruwan sha ba ya da amfani sosai, domin haske da zafi suna lalata shi da wuri, kuma ɗanɗanonsa yakan sa dabbar ta rage shan ruwa.

Bayan tiyata a ajiye shi a kan tawul ko zane da ake canzawa safe da yamma, ba a kan garin katako ko yashi ba, saboda ɗinkin yana daidai inda cikinsa ke taɓa ƙasa. A duba wurin sau biyu a rana, a kula da kumburi, wari, ruwa, ko alamar yana cizge zaren. A kare shi daga ƙuda, musamman da damina, domin ƙuda yana iya yin ƙwai a jiƙaƙƙen rauni. Ɓeran masar dabba ce mai son jama'a, don haka ya fi kyau a raba shi da abokin zamansa da raga kawai, yana ganinsa yana jin ƙanshinsa, har zuwa kwana 10 ko 14 da rauni ke haɗewa. Zawo a lokacin shan magani dalili ne na kiran likita nan take.

Bayan ya warke, dubawar mako-mako ta ci gaba a kan tabon da kuma ɗaya nonon, tunda ƙari yana iya dawowa ko ya fito a ɗayan ɓangaren. Macen da ta taɓa yin mummunan kumburi a lokacin shayarwa, gara a hutar da ita daga haihuwa, domin nonon da ya yi tabo ba ya ba da ruwa yadda ya kamata, alhali da guda biyun nan kaɗai take shayar da 'ya'ya uku ko huɗu. Ga sauran matan da ake kiwo, kafin ranar haihuwa a wanke kejin, a rufe ƙasan waya da katako ko tabarma, a kuma riƙa kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kowace safiya har zuwa yaye.